Majami'ar Girkawa a Hawa na Sha Ɗaya

Kwana tara na yi a Guangzhou kafin na yarda cewa aikin da aka ce in zo yi babu shi. Wanda ya haɗa tafiyar ɗan yankinmu ne, Oga Dauda muke ce masa. Ya ce wani ofishin aika kaya ne ke neman mace mai jin Turanci, bizar wata ɗaya da ke fasfona kuma za a mayar da ita ta aiki da zarar na fara. Ya tare ni a filin jirgi, ya ajiye ni a wani ɗan masauki a Sanyuanli, a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon wani gida, ya ce in huta zai dawo gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba. Wayarsa ta yi kwana biyu tana shiga, daga nan ta mutu.

Burodi da ƙuli-ƙulin da Mama ta ƙulle mini su suka riƙe ni. Matar da ke kula da masaukin, wata gajeriya mai yawan faɗa, ita ta gaji da ganina ina zaune a matakala ido ja. Ta yagi takarda ta yi rubutu da yaren China, ta danƙa mini, ta nuna fatar hannuna ta nuna hanya, tana ta cewa, "Xiaobei, Xiaobei." Na nuna wa mai tasi takardar, ya kai ni Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke kasuwanci. A ƙofar wani dogon gini da ake kira Tianxiu na ji wasu mutum biyu suna musu a kan kwantena da Hausar Kano tsantsa. Na matsa kusa na gaya musu halin da nake ciki. Ɗaya daga cikinsu ya saurare ni har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya isa miki. Zo in kai ki wajen Hajiya Rabi."

Hajiya Rabi 'yar Maraɗi ce, ta shekara da yawa a garin. A wani lungu bayan ginin take dafa wa 'yan kasuwa abinci: tuwon shinkafa, miyar kuka, dambu ranar Juma'a. Ta dube ni sama da ƙasa, ludayi a hannu.

"Mi sunanki?"

"Saratu."

"Daga ina?"

"Wajen Malumfashi."

"Ashe ɗiyata ce. Mu ma Katsinawa ne, gudu ya kai kakanninmu Maraɗi. Kin iya tuƙa tuwo?"

Ta ba ni katifa a ɗakin da take ajiye buhunan shinkafa. Ba ta tambaye ni addinina ba, ni ma ban faɗa ba. Mahaifina mai bishara ne a ƙauyenmu, kakana ma da Littafi Mai Tsarki a hannunsa ya mutu, amma na riga na san yadda fuskar mutum ke canzawa idan ya ji Bahaushiya Kirista ce, ga shi ba ni da wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa. In ta ce, "Saratu, an kira salla," sai in ce bari in duba miya. Ta ɗauke ni cikin 'yan bokon nan masu wasa da ibada, tana yi mini nasiha ina sunkuyar da kai. Sau ɗaya na gwada wata majami'ar 'yan Afirka. Sun karɓe ni da fara'a, amma da na ce ni Bahaushiya ce, wata mata ta riƙe hannuna ta ce, "Yaushe kika tuba?" Na ce a ciki aka haife ni. Ta yi dariya kamar na yi mata wasa. Ban koma ba.

Biza ta ƙare, na zama cikin masu sauya hanya idan sun hango ɗan sanda. Aikina kai abinci. Da haka na san jirgin ƙarƙashin ƙasa, na koyi yaren kasuwa: lawban shi ne mai gida, meyo babu, shiye-shiye na gode. Kunnena mai kama harshe ne tun ina yarinya, kafin a jima ni ke yi wa Hajiya cinikin nama da kifi.

Wata Lahadi, a watana na biyar, na kai wa wani Alhaji tuwo a wani tsohon bene kusa da kasuwar fata ta Sanyuanli. Lif ya lalace, na biyo matakala ina saukowa. A hawa na sha ɗaya na ji waƙa ta bayan wata ƙofa. Kalmomin ban san su ba, amma muryar waƙar ita ce wadda muke buɗe sujada da ita a ƙauyenmu, wadda Mama ke ja wa zumuntar mata. Har inda tsofaffi ke jan numfashi a baiti na biyu, su ma nan suke ja. Ban san na ajiye kular abinci ba, ban san na fara bi da Hausa ba. Da suka kai ƙarshe ni ban tsaya da wuri ba, muryata ta fito ita kaɗai a matakala.

Ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwar Baturiya ce, gajeriya, mai furfura, da baƙar riga. Na fara ba da haƙuri. Ta ce da Turancinta mai nauyi, "Da wane harshe kika yi ta?" Na gaya mata. Ta juya ta yi magana da na ciki, ta kama hannuna ta ja ni.

Falo ne kawai, da kujerun roba wajen ashirin, da tebur mai farin ƙyalle. Babu hoto, babu kyandir. Mutum goma sha huɗu ne ranar. Wani dogon tsoho mai ƙaton gashin baki ya ce in sake yin baiti ɗaya su ji. Na yi. Na ga tsohuwar tana share ido da gefen ƙyallen tebur. Ita ce Kiriya Dasfina, kiriya kamar a ce uwargida. Dogon tsohon mijinta ne, Istabros, shi ne dattijon ikilisiyar, don ba su taɓa yin fasto ba. Girkawa ne dukansu.

Bayan sujada aka kawo gahawa mai kauri kamar kunu a 'yan ƙananan kofuna, da zaitun, da wani farin cuku mai gishiri kamar a yi kuka. Ni da Girka a littafin Ayyukan Manzanni kawai na san ta, ga ni zaune ana tura mini faranti ana cewa ban ci komai ba.

Tarihinsu a hankali na tsince shi, Lahadi bayan Lahadi, yawanci muna wanke kofuna ni da Dasfina. Kakanninsu ba a Girka aka haife su ba. A duwatsun bakin wani teku suke, a ƙasar da yanzu take Turkiyya, can masu bishara suka same su. Da aka yi yaƙi aka kore su, kakarta ta yi tafiyar makonni a ƙafa da goyo, goyon bai kai ba. Suka isa Girka suna murna sun zo gida, sai gida ya ce bai san su ba, don kusan kowa a can ɗan tsohuwar ikilisiyar ƙasar ne.

"A makaranta malamarmu ta ce Bagirken da ba ya sumbatar hoton tsarkaka rabin Bagirke ne," in ji ta. "Na dawo gida na tambayi mahaifina, ɗaya rabin nawa na wace ƙasa ne?"

Na ajiye kofin da ke hannuna na zauna. Na ba ta labarin matar da ta tambaye ni yaushe na tuba, da na Hajiya da miyar da nake ta dubawa. Ba ta yi dariya ba.

Mahaifinta ya tafi Jamus aikin masana'anta, shi da wasu suka riƙa sujada a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da tukunyar dumama gida. Can ta haɗu da Istabros, ɗan gidan masu ɗinkin fata. Da sana'ar ta mutu a Turai ta dawo China, suka biyo ta. Ranar Lahadinsu ta farko a Guangzhou su biyu ne a ɗakin otel, suka yi waƙa a hankali don kada a ji. Daga baya Istabros ya ji wani yana zagin mai tasi da Girkanci, ya bi shi da gudu, suka zama uku. Sai masu sayen jaka da takalma, masu dutsen gini, ma'aikatan jiragen ruwa da ke zuwa su wuce. Akwai shekarun da kujeru ba sa isa, yara na zaune a ƙasa. An yi baftisma biyu a bahon wankan gidan. Ta nuna mini bahon, da alfahari kamar mai nuna kogin Urdun.

"Duk inda muka je ɗaki muke haya," in ji Istabros, yana jingine da ƙofar kicin. "Ba mu taɓa samun ƙararrawa ba. Ni ne ƙararrawar, ina bugo wa kowa waya ranar Asabar."

Dasfina ce ta matsa mini a kan Hajiya. Ta ce, "Kina cin tuwonta kina ɓoye mata fuskarki. Je ki faɗa. In ta kore ki, ga kujeru nan, a haɗa uku a yi gado."

Ranar Litinin muna gyaran kuɓewa na faɗa. Hajiya ta ajiye wuƙa.

"Wata nawa kina gidan nan?"

"Takwas, Hajiya."

"Wata takwas ina yi miki wa'azi kamar mahaukaciya, kina ce mini miya. Mi kika ɗauke ni? Dodo?"

Kwana shida ba ta yi mini magana ba sai da hannu. Ba ta kore ni ba, amma na gwammace duka da wannan shirun. A rana ta bakwai Istabros ya ba ni saƙo in kai mata. Shi mutum ne da ke sunsuna fata ya gaya maka ƙasar da dabbar ta yi kiwo, da ya ji Hajiya 'yar Maraɗi ce sai ya ce in gaya mata a duk fatun da ya taɓa a duniya babu kamar ta jar akuyar Maraɗi. Na faɗa mata ina kallon ƙasa. Ta ce, "To shi dai ya san abin da yake yi." Ta zuba dambu a babbar kula. "Kai musu. Lahadi ki dawo kafin la'asar, akwai aiki. Kuma kada ki ƙara yi mini ƙarya, ɗiyar nan."

Shekara uku na yi haka. Su ne shekarun da nake tunawa idan an ce China, ba zafin garin ba, ba fargabar 'yan sanda ba. Istabros ya koyi cewa "sannu da aiki", yana faɗa wa kowa har mai gadin bene. Ni na koyi amsa addu'arsu. Duk Lahadi sai an ba ni baiti ɗaya da Hausa. Amma kujeru suna ta raguwa. Kasuwa ta sauya, masu saye suka koma yin oda ta waya daga gida, masu yara suka tafi saboda makaranta. Duk wanda zai tafi sai a yi masa addu'a, a ɗaga kujerarsa a ɗora kan 'yan'uwanta a lungu. Ɗansu da ke Girka kullum yana cewa su dawo. Istabros ya ce sai ranar da ya buga waya ranar Asabar babu wanda ya ɗauka.

A watan Agusta ne, lokacin da Girkawa ke tafiya hutu gida. Mu huɗu ne ranar: su biyu, ni, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da kunnensa ya yi nauyi. Istabros yana tsaye yana karatu, sai ya tsaya a tsakiyar aya, ya dafa tebur, ya dubi matarsa kamar zai tambaye ta wani abu, ya zube. Shi kaɗai ne mai jin yaren China a cikinsu. Ni na kira motar asibiti, ni na yi musu kwatancen benen, ni na shiga motar tare da ita. Kafin azahar likita ya fito ya cire abin rufe bakinsa, ban ma jira ya yi magana ba.

Idan baƙo ya mutu a can, dole hukuma ta zo ta rubuta yadda aka yi. Muna zaune a baranda sai ga 'yan sanda biyu, namiji da mace, tare da wani ma'aikacin asibiti da takardu. Dasfina ta san halin da nake ciki. Ta matse hannuna ta ce a hankali, "Tashi ki tafi. Ga matakala can. Tafi, 'yata."

Na tashi. Har na kai ƙofar matakala na ji ma'aikacin yana yi mata bayani, yana haɗawa da ɗan Turancin da yake da shi. Ba mugunta yake yi ba, abin da aka saba a garin yake gaya mata: za a iya ƙone gawar a ba ta tokar a tulu, ya fi sauƙi, ya fi sauri. Kalmar ƙonewar na san ta, don na taɓa jin ta lokacin da wani ɗan Kano ya rasu 'yan'uwa suka yi ta faɗi tashi. Na waiwaya. Dasfina tana gyaɗa kai ga duk abin da aka ce, ido a bushe, ba ta jin ko ɗaya, ga biro an miƙa mata. Mutumin da ya sha gaya mana a gefen kakansa yake so a kwantar da shi.

Na tsaya riƙe da ƙofar. Na tuna Mama da ƙannena biyu da ke makaranta da abin da nake aikawa. Wallahi na so in sauka. Sai na ji bakina yana cewa da yarensu, "Dakata, ba ta gane ba."

Awa biyu na yi ina fassara, daga yaren China zuwa Turanci, daga kukan Dasfina zuwa yaren China. Aka ajiye waccan takardar, aka kawo ta ajiye gawa har a shirya kai ta gida. 'Yar sandar, yarinya ce da ba ta girme ni ba, ba ta tambaye ni komai ba sai da aka sa hannu a ta ƙarshe. Ta kawo mini ruwa a kofin takarda, ta jira na shanye, sannan ta ce, "Fasfonki."

Na ba ta. Ta buɗe, ta daɗe tana kallon shafin.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Mako uku na yi a tsare. Ba a wulaƙanta ni ba, amma ban taɓa sanin rana na da tsawo haka ba. Ranar da za a sa ni a jirgi aka bar ni na ga mutum biyu na ɗan lokaci. Hajiya ce da Dasfina, zaune a benci ɗaya, babu mai jin yaren wata, kowacce riƙe da jaka. Su suka haɗa hannu suka saya mini tikiti. Hajiya ta ce Alhajin nan da ya fara kai ni wajenta, shi ya yi ta zirga-zirgar takardun gawar, tun da ya san hanya. Jibi Dasfina za ta tafi da gawar mijinta.

"An yi sujadar ƙarshe ranar Lahadi," in ji Hajiya. "Ni na kai abinci da kaina, hawa sha ɗaya, gwiwata har yanzu ba ta yafe mini ba. Ban shiga ba, a ƙofa na tsaya har suka gama. Mutum biyar. Kujerun kuma ta ba ni, suna wajena, masu cin tuwo na zama."

Dasfina ta kama fuskata da hannu biyu ta sumbaci goshina, ta yi addu'a da Girkanci, na amsa inda ake amsawa. Hajiya ta ce amin ita ma, ta juya tana faɗa da jakarta wai zip ya ƙi rufuwa.

Na sauka gida da jaka biyu da hatimin hana komawa a fasfo. Mama ta yi murna da ganina, amma na ga tana satar kallon jakunkunan, ban kuma ga laifinta ba. Ƙanina ya bar makaranta zango ɗaya kafin na samu koyarwa a Funtuwa. Baba ne ya zaunar da ni a gindin darbejiya ya ce in ba shi labari tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambayi abu ɗaya, ko an samu an binne mutumin inda yake so. Na nuna masa hoton da Dasfina ta aiko: sabuwar ƙasa a gefen wani tsohon kabari, da duwatsu a baya.

Ranar Lahadi, bayan sanarwa, Baba ya ce wa jama'a akwai wata ikilisiya 'yar'uwarmu a China da ta riƙe masa 'ya shekara uku, yanzu ta rufe, dattijonta kuma ya rasu, a tashi a yi wa matarsa addu'a. Manoma da matan zumunta suka miƙe, mutanen da ko Kano wasunsu ba su taɓa zuwa ba. Baba ya ɗaga 'yar takardar da na rubuta masa sunan dattijon. Ya gwada sau ɗaya, harshensa ya sarƙe. Ya gyara tabarau ya sake, yara suka fara ƙyalƙyala dariya a baya. A na uku ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ubangiji dai ya san sunansa," in ji shi. "Mu rufe ido."